Patron na Ramewa, Kamfani na Ƙiba

Har gobe ba zan manta da ranar da tiren Alhaji Mamudu ya sauko daga bene kamar yadda ya hau ba. Na buɗe langa, na ga kazar nan kwance a kan shinkafa, ko fiffike ba a taɓa mata ba, sai ka ce ta je gaisuwa ne ta dawo. Ku da kuke koyon girki a hannuna yanzu kun sha jin ana tsokanata da wannan labari a mahauta, kowa da irin gishirin da yake ƙara masa. To yau ga shi daga bakin mai shi.

Ni Haladu, ƙuruciyata a kicin ɗin jiragen ruwa na dakon kaya ta ƙare. Na yi girki a Dakar da Abijan da Legas, na yi a Jidda, na yi a Marsey ta ƙasar Faransa. A nan na tsinci Faransanci da Larabci da Wolof na cefane, ban da Fijin, wato Turancin kasuwa, da Fulatanci da na tashi da su. Da gwiwoyina suka fara yi wa tsanin jirgi gardama, sai na dawo New Bell, unguwarmu a birnin Douala na Kamaru, inda aka binne cibiyata, na kama aiki a kamfanin Alhaji Mamudu.

Ga wanda bai sani ba, kamfani ne na fitar da kaya daga tashar jiragen ruwa, a biya kwastan, a ɗora a manyan motoci zuwa arewa. A sama akwai patron, wato Alhaji. Ƙarƙashinsa akwai shugaban sito, wani dattijo ɗan ƙabilar Duwala da muke kira Papa Simon. Sai masu bin takardu a tasha, sai direbobi, sai Buba maigadi. Kicin ɗina yana bayan sito. Ma'aikata suna da tukunyarsu ta gama-gari, patron yana da tasa daban. Ƙa'idar gidan kuwa ita ce duk abin da patron ya rage na ma'aikata ne, a bi girma: Papa Simon ya fara, Buba ya suɗe. A da abin da ke isowa wurin Buba ƙashi ne da addu'a.

Sai kun san yadda ake auna kuku a unguwarmu kafin ku gane tashin hankalina. A Marsey na ga masu kuɗi sirara kamar tsinken tsire, talaka ne mai tumbi. A nan New Bell kuwa takardar shaidar kuku ita ce ƙeyar ubangidansa. In ta yi ninki, kai gwani ne. Masu Faransanci har suna suka ba tumbin manya, suna ce masa "ventre administratif", tumbin mulki ke nan. Na Alhaji Mamudu ya kai a ba shi ma'aikatar gwamnati guda. In ya fito daga mota ranar Juma'a, ni ake yi wa barka.

Abin ya faru ne a tsakiyar damina, lokacin ruwan Douala da ba ya sallama kafin ya shigo kuma ba ya ban kwana. Matar Alhaji za ta tafi Ngaundere zaman jegon 'yarsu ta fari, sai ta biyo ta kicin.

"Baba Haladu, ga amana nan," in ji ta. "Safe, rana da dare duk a hannunka. Yadda na bar shi, haka nake so in tarar da shi."

Na ce, "Hajiya, za ki tarar da ƙari."

Ba a yi mako da tafiyarta ba kaza ta dawo.

Na ɗaura gyalen aikina na hau bene. "Patron, gishiri ne ya zarce?"

"A'a, Baba, c'est parfait, ya yi daidai. Aiki ne ya sha mini kai."

Washegari ma haka. Jibi ya ɗan tsakuri gefe, kamar ɓera mai kunya. Na lura yana shan ruwa kamar raƙumi, yana zirga-zirga tsakanin ofis da banɗaki, in zai sa hannu a takarda biro na rawa, kuma magana ta ƙaru masa, sauri-sauri kamar mai gabatar da ƙwallo a rediyo. Amma ni kuku ne, tunanina bai wuce tukunya ba. Na ce lallai abincin gida ne ya gundure shi.

Sai na buɗe masa duniya. Na yi cebujen irin na Dakar, shinkafa ja da kifin da aka cusa wa kayan ƙamshi. Ta dawo. Na yi kabsa irin ta Jidda da kafaɗar rago. Ta dawo. Na yi ndole, miyar shuwaka da gyaɗa da jatan lande, wadda wata tsohuwa a unguwar Deido ta koya mini bayan na rantse ba zan koya wa Bahaushe ba. Ta dawo. Na yi farfesun ƙafar sa wanda in ka ci sai leɓɓanka sun manne. Na ƙara man shanu, na ƙara manja, na ƙara addu'a. Kullum tire ya hau da nauyi, ya sauko da nauyi, ya zarce sito.

A sito kuwa sallah ake yi. Papa Simon ya sayo cokali na musamman ya sa a aljihu. Da azahar ta yi sai ka ga direbobin da ya kamata a ce suna hanyar Yawunde suna goge gilashin motar da ba ta da datti, ido na kan matattakala. In suka ji takun mai sauko da tire, sai Papa Simon ya ɗaga murfi ya yi shela:

"Mes enfants, 'ya'yana, yau ina muka sauka?"

"Dakar, shef!" in ji direbobi, don haka suke kiran shugabansu.

"To, a ɗaure ɗamara!"

Ɗamarar ce ma ta fara ba su matsala. Buba ya huda sabon rami a bel ɗinsa, daga baya ya jefar da shi ya koma tazuge. Maɓallin rigar Papa Simon ya tsinke yana cikin lissafa kwali, ya tashi ya bugi ƙofar kwantena, ƙarar ta sa kowa ya sunkuya. Wani direba ya je sabunta katin shiga tasha, mai ɗaukar hoto ya ce ya kawo mai katin da kansa. Duk wannan, patron na sama yana zubewa. Ƙeya ta koma sumul. Babbar riga ta fara yi masa kallon baƙo. Agogonsa ya riƙa gangarowa har bayan hannu.

Na san ruwa ya kawo mini wuya ranar da na je mahauta, mai sayar mini da nama ya ɗaga murya don kowa ya ji.

"Baba Haladu, wai naman nan da kake saya, wa yake ci ne? Patron kamar an sace masa iska, yaran gida kamar an hura su da famfo!"

Aka kwashe da dariya, ni ma na taya su, don in ba ka taya ba ka amsa laifi. Amma a hanyar dawowa na ji abin da ya fi wannan. Wasu na cewa ina karkatar da abincin. Wasu kuma, a ƙasa-ƙasa, na cewa wanda ya yi yawon duniya haka ba a san abin da ya koyo ba, kuma mai son a ga bayan attajiri ta hannun kuku yake bi. Ku riƙe wannan: kukun da aka ce ya ƙona miya zai sami wani aiki. Kukun da aka ce ya zuba wa ubangidansa wani abu, daga Douala har Kuseri babu kicin ɗin da zai sake buɗe masa ƙofa. Da furfurata, sunana ne ke shirin tafiya.

Matar Alhaji ta gan shi a waya, ta fasa kuka, ta kira yayarsa, Hajiya Asabe, wadda ke aure a Garwa. Ita ta goya shi yana jariri, tana da kaso a kamfanin, kuma ita kaɗai ce a duniya ke kiransa Auta a gaban ma'aikata. Wata safiya sai ga ta, ba ita kaɗai ba. Ta zo da wani siririn kuku daga Garwa, wuƙaƙensa a naɗe cikin tsumma, ta zaunar da shi a benci daidai ƙofar kicin ɗina.

"Kai ne Haladu?"

"Ni ne, Hajiya. Sannu da hanya."

"Ajiye sannunka. Na ga Auta. Na kuma ga waɗancan tulunan na sito. Yau za ka yi girki a gabana. Ni zan zaɓi kaya, ni zan kai masa, a gabana zai ci. In ya ci lafiya, mu sake magana. In ba haka ba, ga mai gadonka nan."

Mai gadona ya sunkuyar da kai ya ce mini, "Yi haƙuri, Baba." Yaro mai ladabi, har na so shi.

Ta ce tuwon shinkafa da miyar taushe, irin wadda mahaifiyarsu ke yi. Ta zauna a kujera ta kafa mini ido. Ta sansana daddawa, ta lashi gishiri, ta zazzage aljihuna, har hulata ta sa na cire. Da miya ta nuna, ta ce a kira wanda zai ɗanɗana. Kafin ta rufe baki Buba ya iso da cokali.

"Hajiya, ni na saba sadaukar da raina saboda patron."

"Na ga alama. Ka sadaukar har ka kusa fashewa."

Ya ci, bai mutu ba, ya nemi ƙari ta kore shi. Ita ma ta kai loma guda, sannan ta ce, "Hannun ba laifi," kamar ana cire mata haƙori.

Muka hau bene, ita a gaba da tire, ni a baya. Alhaji ya ga malmalar tuwo ya ja baya.

"Yaya, wallahi na ƙoshi."

"Da me? Da iskar fanka? Wanke hannu, Auta."

Babu mai yi wa Hajiya Asabe musu. Ya ci. Tana turo masa nama yana ci, gumi na tsattsafo masa. Na fara murna a raina, ina cewa ga shi ya kusa cinye malmala. Sai ya dafe ƙirji, ya ce zuciyarsa na gudu, ya miƙe zai nufi banɗaki, ya yi taku biyu, ya zube a kan kafet.

"Ya kashe shi! A gabana ya kashe shi!"

Ta damƙe wuyan rigata da hannu ɗaya, ɗayan tana yi wa ƙaninta fifita da mayafi. Ma'aikata suka ruga ceto. Wato suka yi niyyar rugawa. Matattakalar benen nan a da mutum biyu na wucewa kafaɗa da kafaɗa. Papa Simon da Buba suka shiga kwanar tare, suka cije. Wannan na cewa "Recule!", wato ja baya, wancan na cewa "Shef, kai ka ja ciki!", direbobi na turo su ta baya. Da suka ɓalle suka iso sama, huci suke yi har ana tunanin su za a fara kaiwa asibiti. Ƙarshenta ni da siririn kukun Garwa muka ɗauko patron, don mu kaɗai muka rage masu numfashi. Hajiya kuwa ba ta saki rigata ba har cikin mota.

"Da kai za a je," in ji ta. "Daga asibiti sai ofishin 'yan sanda."

A wani ƙaramin asibiti da ke hanyar unguwar Akwa, wata likita, sa'ar jikata, ta auna jininsa, ta saurari ƙirjinsa, ta sa masa ƙarin ruwa. Da ya dawo hayyacinsa ta tsaya a kansa ta ce abinci ba ya yin haka, ya gaya mata abin da yake sha. Ya dubi yayarsa. Ya dubi silin. Ta ce in bai faɗa ba, ba ta san abin da za ta yi wa magani ba.

Sai ya sa hannu cikin naɗin hularsa ya zaro 'yar leda mai ɗauke da kafso kore, babu suna babu takarda. Ya yi magana da Faransanci, ƙasa-ƙasa. Ya ce an gaya masa a gwajin shekara cewa jininsa ya hau, suga na leƙowa, sai ya rage jiki. Ya ji kunyar a ce Alhaji Mamudu na cin ganye yana yawo a ƙasa kamar wanda ya karye. Wani ya ba shi lambar mai sayar da maganin ƙona kitse, ɗan bensikin, wato ɗan acaɓa, ke kawo masa a ɓoye. Yau kuma da ya san Yaya za ta tilasta masa cin tuwo, sai ya ninka.

Hajiya Asabe an kai ta Garwa aure tun ba ta yi nisa a boko ba, Faransancinta na gaisuwa ne. Ta juyo kaina.

"Kai da aka ce har yaren aljanu ka iya, me ya ce?"

Kalma kaɗan zan furta in wanku tas. Na buɗe baki. Sai na ga idon patron a kaina, irin kallon ragon da ya ga an wasa wuƙa. Mu a sana'armu, abin da ka ji a teburin ubangida a teburin yake kwana. Na koyi haka a jirgi, inda kuku ke jin sirrin kyaftin kafin matarsa ta ji.

Na ce, "Hajiya, Faransancina ya tsufa. Ban kama ba."

"Ƙarya kake! To shi ke nan. A kira 'yan sanda."

Ta fara laluben waya a jaka.  Ni kuwa na fara tunanin irin girkin da ake yi a kurkuku. Sai Alhaji ya rufe fuska da tafin hannu, kafaɗunsa suka fara girgiza. Dariya yake yi.

"Mutumin da ke zagin matuƙan Marsey da yarensu har su ba shi haƙuri! Yaya, saki dattijon nan. Maganin rama nake sha. Ni na saya da kaina, ɗan babur ke kawo mini."

Hajiya ta saki rigata a hankali. Ta karɓi ledar ta ɗaga ta a haske.

"Maganin me?"

"Rama, Yaya."

"Rama ake saya? Auta, kana yaro kamar kara, babu malamin da Inna ba ta je wurinsa ba don ka yi kumari. Akuya guda aka ware maka nono. Allah ya amsa, shi ne ka sa aka kawo maka rama a kan babur?" Ta sunkuya za ta cire takalmi, likita ta shiga tsakani.

Nan Faransancina ya warke, na zama tafinta. Likitar ta ce jiki kamar murhu ne, kullum yana cin itacensa daidai gwargwado, ko mutum na barci. Irin wannan kafso na bayan fage, in ji ta, sau da yawa haɗi ne na abin da ke kashe yunwa ya zaburar da zuciya, da abin sa fitsari, da abin sa gudawa. Mai hawan jini ya sha, kamar ya watsa fetur a murhu ne: wuta za ta tashi, amma tukunya za ta tafi. Yawancin abin da ya zube daga jikinsa ruwa ne da tsoka. Sannan ta faɗi abin da ya sa Hajiya zama: ragewar dai dole ce, amma a hankali, da abinci da tafiya a ƙasa da maganin da likita ya rubuta. Ta nuna ni ta ce, "Wannan aikin na kuku ne."

Hajiya ta dube ni ta ce, "Malam Haladu, na ci haƙƙinka." Malam ɗin nan ya fi mini lambar girma.

Na ce na yafe, kuma zan yi aikin, amma da sharaɗi. "Patron, in na ramar da kai da hannuna alhali unguwa ba ta san dalili ba, na gama yawo. A inda aka ɓata sunana, a nan za a gyara."

"Baba, a majalisa? Gaban su Alhazai?"

"Gabansu, ranka ya daɗe."

Ya yi. Juma'ar da ta biyo bayan sallamarsa, bayan an sauko daga masallaci, ya tsaya a majalisar manyan unguwa ya faɗi komai da bakinsa, har da hula. An yi dariya har wani dattijo ya ƙware. Kukun Garwa ya koma gida bai kwance wuƙaƙensa ba. Ni kuma aka tura ni wurin mai koyar da cimar masu suga a asibiti, na zauna a benci da furfurata ana nuna mini yadda ake auna mai da cokali, ni da na saba zubawa da gwangwani. Ban taɓa yin aiki mai wuya irin wannan ba: ka yi ndolen da manja bai yi iyo a kai ba, kuma a cinye. Alhaji ya koma zuwa masallaci a ƙasa, ya riƙa raguwa kaɗan-kaɗan, idonsa ya washe, hannunsa ya daina rawa. Tire ya koma saukowa fayau, sito ya shiga zaman makoki.

Ba a daɗe ba na ji ana ƙwanƙwasa ƙofar kicin ta baya, wadda ake fitar da shara. Na buɗe, sai ga ɗaya daga cikin manyan majalisa, wanda ya fi kowa dariya ran nan, yana waige-waige.

"Baba Haladu, wucewa nake yi. Wai wannan abincin da kake yi wa Alhaji, da me da me ake sawa? Wani abokina ne ke tambaya."

Na gaya masa, na kuma ce abokin ya fara ganin likita. Zai juya sai ya tsaya, ya sa hannu a aljihu ya ajiye 'yar leda mai kafso kore a kan teburina. "Jefa mini wannan a wuta. Na abokin ne."

Kafin damina ta ɗauke, ƙofar bayan nan ta ga manya iri-iri, kowa wucewa yake yi, kowa da abokinsa, kuma kusan kowane aboki da ledarsa. Ashe rabin majalisa na haɗiyar abu ɗaya, kowa na ɓoye wa na kusa da shi, suna haɗuwa da Juma'a suna yaba tumbin juna.

Abin da na ɗauka daga wannan, ku ma ku ɗauka, shi ne mutanenmu sun fi tsoron a yi musu dariya a kan a yi musu jana'iza, kuma babban mutum zai iya gaya wa ɗan bensikin abin da ba zai gaya wa yayarsa ba. Don haka kuku ba tukunya kaɗai zai sani ba, sai ya san mai cin. In abinci ya dawo sau ɗaya, duba gishirinka. In ya ci gaba da dawowa, bar man shanu inda yake, ka hau bene, ka rufe ƙofa, ka tambayi mutumin abin da likita ya ce masa. In kuma ya ce maka abokinsa ne ba shi da lafiya, kada ka yi dariya. Ka ce Allah ya ba abokin sauƙi, ka je ka dafa wa abokin.